Kwana Nawa Jarinka Ya Ciyar da Gidanka?

Ƙannena maza da mata, ku tambayi duk wani matashi mai aiki ko mai sana'a nawa yake samu a wata, zai ba ku amsa nan take, har da 'yan canjin da ke bisa. Ku sake tambayarsa nawa gidansa ya ci daga azumin bara zuwa na bana, sai ku ga ya ɗaga kai yana kintace, kuma kintacen nan kusan kullum yakan gaza abin da ya fita da nisa. A 'yan shekarun nan kuma sayen hannun jari ya sauko cikin wayar hannu. Matasa masu ƙaramin albashi suna sayen 'yan hannayen jari a kamfanonin siminti da na sadarwa da bankuna, ranar da ribar shekara ta faɗo asusu kuwa sai murna, a ɗauki hoton saƙon banki a tura wa abokai. Wannan farkawa abin yabo ce, ina kuma fatan ta ɗore. Sai dai ribar da ta shigo, komai yawanta, ba ta gaya wa mutum inda ya kwana sai an jera ta da abin da gidansa ke ci. Duk mai burin wata rana ya tsaya da ƙafarsa, rufin asirin iyalinsa ya daina rataya ga albashin ƙarshen wata ko cinikin yau, yana buƙatar littafi ɗaya mai shafi biyu: shafin abin da jarinsa ke kawowa ba tare da guminsa ba, da shafin abin da ke fita daga hannunsa.

A Amurka ne wannan dabara ta fara shahara. A 1992 marubuta biyu, Vicki Robin da Joe Dominguez, suka fitar da littafin da ya koya wa mutane su zana layi biyu a takarda su manna a bango, ɗaya na kashe-kashen wata, ɗaya na abin da jari ke samarwa, su riƙa bin su wata bayan wata har ranar da na biyun zai cim ma na farko. A 1994 kuma wani mai ba da shawara kan harkar kuɗi, William Bengen, ya bi tarihin kasuwannin ƙasar tun daga 1926, ya nuna cewa wanda ya fara da cire kashi 4 cikin 100 na jarinsa, yana ƙarawa kowace shekara gwargwadon tsadar kaya, kuɗin zai kai shi shekara 30. Daga nan aka samo lissafin da ke yawo a intanet, wai ka tara ninki 25 na abin da kake kashewa a shekara, shi ke nan ka huta. Ku yi hattara da wannan adadi. A kan dala aka gina shi, a ƙasar da hauhawar farashi ta saba zama wajen kashi 3 cikin 100 a shekara. A Najeriya kuwa, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sanar da kashi 34.8 cikin 100 a Disambar 2024. Litar fetur da ake sha ƙasa da naira 200 kafin 29 ga Mayun 2023 ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024, dalar da ke kusan naira 460 a farashin gwamnati ta koma wajen 1,500. Wanda ya ce "da na tara miliyan kaza na gama" a irin wannan hali, ya ɗora burinsa a kan adadin da ba ya zama wuri ɗaya. Abin ɗauka a wurin mutanen nan shi ne ɗabi'ar rubutawa da gwadawa. Ninki 25 ɗin a bar musu kayansu.

Ma'aunin da nake ganin ya fi dacewa da mu shi ne kwana. A ɗauki abin da gida ya ci a shekara a raba shi gida 365, a fitar da kuɗin yini ɗaya, sannan a duba ribar da jari ya kawo a shekarar yini nawa za ta biya. A ce gida yana cin naira 250,000 a wata, wato miliyan 3 a shekara, kusan naira 8,200 ke nan a kullum. A ce maigidan yana da hannun jari 1,000 a kamfanin simintin Dangote, waɗanda kuɗinsu ya kusa naira 480,000 a ƙarshen 2024. Kamfanin ya biya naira 30 a kan kowane hannun jari a matsayin ribar shekarar 2023. Dubu talatin ke nan, a cire harajin kashi 10 cikin 100 da ake yankewa tun kafin kuɗin ya iso, saura 27,000. Wannan ya ciyar da gidan kwana uku da 'yan sa'o'i. Ribar shekarar 2024 ma naira 30 aka biya, saƙon banki ya sake zuwa da 27,000 ɗin nan dai. Amma idan abin da gidan ke ci ya tashi da sulusi, kamar yadda farashin kaya ya tashi, ya kai miliyan 4, to wannan kuɗi kwana biyu da rabi kawai zai kai su. Mai duba shafin riba kaɗai zai ce yana nan inda yake. Mai shafi biyu ya san ya ja baya da kusan yini guda, ya kuma san sai ya ƙara jari ko ya toshe wata ɓaraka kafin ya koma matsayinsa na bara. Babu manhaja ko dillalin da zai gaya maka wannan in ba ka rubuta abin da ka kashe ba.

Kada ku raina kwana ukun nan. Gaskiya ce yawancinmu ba za mu kai 365 ba, kuma ba zan yi muku alkawarin abin da lissafi bai yarda da shi ba. Amma tsakanin kwana uku da 365 akwai matakai masu daraja. Wanda jarinsa ya iya ɗaukar watan azumi gaba ɗaya ya sauke nauyin da ke kwantar da magidanta da yawa. Wanda ya kai kwana sittin ko casa'in yana iya jure jinkirin albashi ba tare da ya bi gidajen 'yan'uwa yana neman rance ba, yana iya cewa a'a idan aka nemi ya yi abin da zuciyarsa ba ta yarda da shi ba a wurin aiki. Malaman jami'o'in gwamnati da suka yi yajin aiki wata takwas a 2022, aka riƙe musu albashi, sun san bambancin gidan da ke da wata ƙofar samu da wanda ba shi da ita.

Shafin riba shi ne mai sauƙi, don sau ɗaya ko biyu kamfani ke biya a shekara. A rubuta sunan kamfani, da yawan hannun jari, da abin da aka sanar, da abin da ya shigo bayan haraji, da ranar shigowarsa. Dalilin rubutawar shi ne riba ba albashi ba ce. Shugabannin kamfani ne ke ba da shawarar a biya ko kada a biya, kuma babu wanda ya ci bashinka idan ba a biya ba. Dubban 'yan Najeriya sun sayi hannun jarin MTN a kan naira 169 lokacin da aka buɗe wa jama'a a Disambar 2021. Da darajar naira ta faɗi, kamfanin ya yi asarar naira biliyan 137 a 2023, bai biya ribar ƙarshen wannan shekara ba, bai kuma biya ta 2024 ba. Ba wai mutane sun daina kiran waya ko sayen data ba ne, bashin da ke kansa na dala ne ya kumbura. Wanda ya ɗora kuɗin makarantar yaransa a kan ribar kamfani ɗaya ya ga abin da ya gani. Littafin shekara biyar zai nuna maka wane kamfani ne ke biya a kai a kai, wane ne ke tsallake, da kuma ko rabin ribarka daga ƙofa ɗaya take fitowa, wanda shi kansa haɗari ne. Akwai kuma ribar da aka biya amma ba ta iso ba. A 2023 Hukumar Kula da Kasuwar Hannun Jari, wato SEC, ta ce ribar da masu ita ba su karɓa ba ta kai naira biliyan 190. Sunan da ke takardar jari ya sha bamban da na asusun banki, an sauya gida, mai jarin ya rasu magada ba su san da shi ba. Tun 2015 aka fito da tsarin tura riba kai tsaye cikin asusu ga wanda ya cike takardar neman haka, kuma dokar kuɗi ta 2020 ta ba gwamnati damar kwashe ribar da ta shekara shida ba a nema ba zuwa wani asusun amana. Wanda ya rubuta abin da yake jira shi ne zai lura idan bai zo ba.

Abu ɗaya da bai kamata ya shiga shafin riba ba shi ne tashin farashin hannun jari. Iyayenku da yayyenku da suka shiga kasuwa a 2007 za su ba ku labari. A Maris ɗin 2008 ma'aunin farashin hannun jari na kasuwar ya haura 66,000, mutane suna cin bashin banki suna sayen hannun jarin bankin da ya ba su bashin, kowa yana lissafin arzikinsa a takarda. Cikin shekara guda ma'aunin ya dawo wajen 20,000. A Agustan 2009 Babban Banki, ƙarƙashin Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabannin bankuna biyar a rana ɗaya, a 2011 kuma aka karɓe Afribank da Bank PHB da Spring Bank, masu hannun jari a cikinsu suka tashi a tutar babu. Farashin da ya tashi ba ya sayen mudun gero sai ranar da ka sayar, ranar da ka sayar kuwa ribar shekara mai zuwa ta tafi da shi. Abin da ya shigo asusu shi kaɗai ake rubutawa.

Shafin kashe-kashe shi ne inda aikin yake, kuma shi ne wanda aka fi gudu. Kuskuren farko shi ne auna gida da wata ɗaya. Gidan Bahaushe ba a wata-wata yake cin kuɗi ba. Akwai cefanen kullum, da kuɗin mota, da katin wuta, da data, waɗannan kowa na tunawa da su. Amma kuɗin haya sau ɗaya yake zuwa a shekara, kuɗin makaranta sau uku, kayan azumi da ɗinkin sallah da ragon layya kowanne da lokacinsa, zazzaɓin damina yakan zo da nasa kuɗin magani, ga anko, ga gudummawar biki da suna, ga abin da ake aika wa iyaye a gida, ga ƙanin da zai biya kuɗin jarrabawa. Mutum yakan kira waɗannan "abin da ya taso", alhali babu shekarar da ba sa tasowa. Wanda ya rubuta shekara guda cif zai tarar cewa abin da yake ɗauka na ba-zata yana da ƙima da za a iya kintata, a kuma tanade ta. A nan ne amsar masu cewa hidimar dangi ba ta lissaftuwa take. Ba ka san wa zai zo ba, ba ka san yaushe ba, amma bayan shekara biyu za ka san kusan nawa zumunci ke ci a gidanka, ka ba shi layinsa a littafi kamar yadda ka ba shinkafa, ka bayar da zuciya ɗaya maimakon ka bayar kana jin an yi maka kutse. Ina kuma ba da shawarar a riƙa rubuta yawan kaya tare da kuɗinsu, mudu nawa, kwalba nawa, lita nawa. Binciken Hukumar Ƙididdiga na 2019 ya nuna sama da rabin abin da gidajen Najeriya ke kashewa a abinci yake tafiya. Idan kuɗin abinci ya tashi, mudun ne zai nuna ko kasuwa ce ta yi tsada ko gida ne ya ƙara ci, kuma maganin waɗannan biyun ba ɗaya ba ne. Na farko ana rage masa kaifi da sayen hatsi da kaka, na biyu sai an zauna an yi magana.

A nan zan ja kunnen maza. Littafin nan ba bulala ba ce da za a riƙa tsare uwargida da ita a kan kuɗin maggi da albasa. Idan aka rubuta da gaskiya, sau da yawa ɓarakar ba a tukunya take ba, tana aljihun maigida, a majalisa, a canjin waya, a ƙananan kashe-kashen waje da ba wanda ke ƙirgawa. Mace ce ta fi sanin farashin cefane, don haka da ita ake riƙon littafin ko kuwa ya zama na ƙarya. Abin da ta samu da sana'arta ko adashinta nata ne, ita ma ta buɗe shafin jarinta da sunanta.

Wani zai ce duk wannan zance na masu kuɗi ne, wanda ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 me zai rubuta, me zai ajiye? Wannan magana tana da nauyi, kuma ba zan ce rubutu yana ƙara albashi ba. Akwai gidajen da matsalarsu ƙarancin samu ce zalla, maganinta ƙarin sana'a ne da ƙwarewa. Amma ku duba lissafin nan. Naira 5,000 da aka daina ɓatarwa kowane wata ta zama 60,000 a shekara. Kafin hannun jarin simintin da muka yi misali da shi ya ba ka 60,000 bayan haraji, sai ka mallaki sama da 2,200, wato jarin da ya haura naira miliyan ɗaya a farashin ƙarshen 2024. Mai ƙaramin samu zai daɗe bai tara miliyan ba, amma toshe ɓarakar dubu biyar yana iya yiwuwa a wannan watan, kuma amfaninsa biyu ne: ya rage kuɗin yini, ya samar da abin sayen jari. Da yayyafi kogi kan cika. Mai ƙaramin ƙarfi ya fi mai kuɗi buƙatar littafin, don shi ba shi da rarar da za ta rufe masa kuskure.

Wani kuma zai ce ƙirge-ƙirgen nan rowa ce, ko rashin tawakkali, ai arziki na Allah ne. Babu musu arziki na Allah ne. Amma ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, kusa da ƙarshen suratul Baƙara, umarni ce da rubuta bashi, ƙarami ko babba. Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da lissafin shekarun yalwa da na fari ya tsara ajiyar da ta ceci Masar. Zakka kanta ba ta fita daidai sai mutum ya san abin da ya mallaka da ranar da shekara ta zagayo masa. Marowaci yana ƙirga ne don ya hana. Mai tsari yana ƙirga don kada ranar buƙatar mahaifiyarsa ta zo hannunsa wayam.

Batun halacci kuwa tambaya ce ta gaske, kuma ba a tsallake ta. Hannun jari mallakar wani yanki ne na kamfani, don haka hukuncinsa yana bin abin da kamfanin ke yi. Malaman zamani da suka yi nazarin wannan fanni, irin na hukumar AAOIFI da ke Bahrain, sun sa sharuɗɗa: asalin sana'ar kamfanin ta zama halal, bashin ruwa da ke kansa kada ya wuce wani ƙayyadadden kaso, abin da ke shigo masa ta hanyar da ba ta halatta ba kada ya haura kashi 5 cikin 100, a kuma cire gwargwadonsa daga riba a bayar. Tun 2012 kasuwar hannun jari ta Najeriya take da jerin kamfanonin da aka tace bisa irin waɗannan sharuɗɗa, wanda ake kira Lotus Islamic Index, a 2017 kuma gwamnatin tarayya ta fitar da sukuk na farko, wato takardun jari marasa kuɗin ruwa, na naira biliyan 100 don gina hanyoyi. A tambayi malamin da ya san fannin, sannan a ƙara layi a shafin riba na abin da aka tsarkake da abin da aka fitar na zakka, don abin da ya rage bayansu shi ne naka. Wanda kuma zuciyarsa ta fi kwanciya da gidan haya, ko gona, ko kiwo, littafin nan nasa ne shi ma, da sharaɗin ya cire kuɗin gyara da dusa da magani da watannin da ɗaki ya zauna ba kowa. Fili abin ajiya ne mai kyau, amma muddin ba a noma shi ba a kuma haya, a lissafin kwana sifili yake bayarwa.

Ƙorafin da ya fi ƙarfi shi ne na masu cewa hauhawar farashi ta riga ta cinye komai, wahalar banza ake yi. Alƙaluma suna ba su wani ɓangare na gaskiya. Ribar simintin Dangote ta tashi daga naira 16 a shekarar 2020 zuwa 30 a 2024, ba ta kai ninki biyu ba, alhali farashin kaya ya ninka fiye da sau biyu a tsakanin. Wato ko babban kamfani irin wannan bai riski tsadar rayuwa ba a waɗannan shekaru. To amma a gwada da wanda ya bar kuɗinsa kwance a asusu, ko ya kashe su don ya ga ba su da amfani. Na farko ya rasa fiye da rabin ƙarfin kuɗinsa, na biyu ba shi da ko kwana ɗaya. Abin da alƙaluman ke koyarwa shi ne a shekarun farko kada a ci ribar, a mayar da ita jari, a rarraba ta a wurare daban-daban, a kuma ci gaba da ƙarawa daga gumi. Akwai wata kariya kuma da sanin waɗannan adadi ke bayarwa. Wanda ya gani da idonsa cewa kamfanin simintin nan mai masana'antu a Obajana da Ibese da Gboko kashi 6 cikin 100 da ɗoriya ya ba shi a shekara kafin haraji, ba zai saurari mai yi masa alkawarin kashi 30 a wata ba, kamar yadda MMM ta yi kafin ta rufe asusun mutane a Disambar 2016, ko mai cewa zai ninka masa kuɗi cikin kwana talatin, kamar CBEX da ta ruguje a Afrilun 2025.

Don haka, ƙannena, ku sayi littafin rubutu na 'yan makaranta, ko ku buɗe shafi a waya, wanda dai za ku iya riƙewa kowane dare kafin barci. Ku fara da shafin kashe-kashe ko da ba ku da hannun jari ko ɗaya tukuna, kuma kada ku yanke wa kanku hukunci sai shekara ta zagayo. Wanda ya san mahaifinsa ko mahaifiyarsa sun taɓa sayen hannun jari, ya nemo tsofaffin takardun, ya duba sunan a jerin ribar da ba a karɓa ba da SEC ke ajiyewa a shafinta na intanet, ya taimaka a cike takardar tura riba zuwa asusu. Idan mai jarin ya rasu, haƙƙin magada ne, a sanar da su duka kafin a taɓa ko kwabo.